Tsufa Da Tuƙi: Rawar Da Fasalin Hanya Ke Takawa Wajen Haɗurran Dattawan Direbobi

Ranar 19 ga Afrilu, 2019, a unguwar Ikebukuro ta birnin Tokiyo, wata mota da wani dattijo mai shekara 87 ke tuƙawa ta keta jar danja a guje, ta afka wa masu tsallaka titi. Wata mata mai shekara 31 da 'yarta mai shekara 3 suka rasa rayukansu, wasu mutum tara kuma suka ji rauni. A 2021 kotu ta tabbatar da cewa totur dattijon ya taka a maimakon birki, ta kuma yanke masa hukuncin ɗaurin shekara biyar. Al'amarin ya girgiza Japan ƙwarai, har ya zama a shekarar 2019 kaɗai mutum fiye da 600,000 suka mai da lasin tuƙinsu ga hukuma don raɗin kansu, adadin da ba a taɓa gani ba tun da aka fito da wannan tsari a 1998.

Japan ita ce wurin da ya fi dacewa a yi nazarin wannan matsala, domin kuwa kimanin kashi 29 cikin ɗari na mutanenta sun kai shekara 65 ko sun haura. Ƙasar ta yi nisa wajen rage mace-macen hanya: daga mutum 16,765 a 1970 adadin ya sauko zuwa 2,678 a 2023. Sai dai fiye da rabin waɗanda ke mutuwar dattawa ne, ko dai a cikin mota, ko a kan keke, ko a ƙasa.

Duk lokacin da irin wannan hatsari ya auku, abin da jama'a ke fara cewa shi ne a karɓe makullin mota daga hannun tsofaffi. Masana kimiyyar sufuri sukan ƙara da wata tambaya: a wane irin wuri ne dattijo ya fi yin hatsari? Amsar da bincike ya bayar a Japan da Amurka da ƙasashen Turai ita ce haɗurran dattawa ba su warwatsu ko'ina a kan hanya ba. Sun taru ne a wasu wurare sanannu, waɗanda injiniyoyi suka zana, kuma injiniyoyi za su iya sāke zanawa.

Lissafin Da Ke Yaudara

Hanyar da aka saba bi wajen auna haɗarin direba ita ce a raba yawan haɗurran da ya yi da yawan kilomitocin da ya tuƙa. Idan aka zana sakamakon bisa shekarun direbobi, sai zanen ya fito kamar ƙwarya: ya yi sama wajen samari, ya sauka wajen magidanta, ya sāke hawa bayan shekara 70 ko 75. Wanda ya tsaya a nan zai yanke hukunci cewa tsoho da yaro duk kanwar ja ce a kan sitiyari. Amma akwai abubuwa biyu da ke ɓoye a cikin wannan lissafi.

Na farko, a 1991 wata mai bincike a hukumar motoci ta jihar Kalifoniya, Mary Janke, ta jawo hankali ga cewa kilomita ɗaya ba daidai take da wata kilomita ba. Mai tafiya mai nisa yakan tara yawancin kilomitocinsa ne a kan manyan tagwayen hanyoyi, inda babu mararraba, babu masu tsallakawa, kowa kuma ya fuskanci gefe ɗaya. Wanda ba ya tuƙi da yawa, shi kuwa, 'yan kilomitocinsa a cikin gari yake yin su, daga gida zuwa kasuwa, zuwa asibiti, zuwa gidan 'ya'ya, inda a kowace mita ɗari biyu ko uku sai ya haɗu da wata mahaɗa. Saboda haka duk direban da ba ya nisa, yaro ne ko babba, haɗarinsa a kowace kilomita zai fito da yawa. Dattawa kuwa, da yake sun bar aiki, su suka fi yawa a wannan rukuni. A 2006 Jim Langford da abokan aikinsa suka gwada wannan magana da alƙaluman ƙasar Holan. Da suka kwatanta direbobi masu tafiya iri ɗaya a shekara, sai suka tarar yawancin waɗanda suka haura shekara 75 ba su fi sauran mutane yin hatsari ba. Waɗanda haɗarinsu ya yi sama su ne masu tuƙa ƙasa da kilomita 3,000 a shekara.

Na biyu shi ne raunin jiki. Karon da saurayi zai fita daga cikinsa da ƙujewa, shi ne zai karya wa dattijo haƙarƙari, karayar haƙarƙari kuma ga mai shekara 80 tana iya kaiwa ga ciwon huhu da mutuwa. Wani nazari da Guohua Li da abokansa suka buga a Amurka a 2003 ya ƙiyasta cewa raunin jiki ne ke da alhakin kashi 60 zuwa 95 cikin ɗari na ƙarin mace-macen da ake gani wajen dattawan direbobi a kowace tazarar tafiya. Wato dai wanda dattijon direba ya fi jefawa cikin haɗari shi ne kansa da abokin tafiyarsa, wanda galibi shi ma tsoho ne.

Wannan bai wanke tsufa daga laifi ba. Abin da ya nuna shi ne gazawar da tsufa ke kawowa tana bayyana ne a inda hanya ta nemi direba ya yi abubuwa da yawa cikin ƙanƙanin lokaci.

Abin Da Shekaru Ke Yi Wa Ido Da Wuya

Baƙin ɗigon da ke tsakiyar ido ƙofa ce da haske ke shiga ta cikinta. Da shekaru suka ja, wannan ƙofa takan ƙanƙance, madubin da ke bayanta kuma ya yi kauri ya soma rinewa zuwa rawaya. An ƙiyasta cewa hasken da ke isa tantanin bayan idon mai shekara 60 bai wuce kashi ɗaya bisa uku na wanda ke isa na mai shekara 20 ba. Madubin da ya fara yana yakan kuma warwatsa haske, shi ya sa fitilar motar da ke tahowa da dare take kashe wa dattijo ido, kuma ya daɗe kafin ganinsa ya dawo. Fentin layin titi da ya koɗe, wanda saurayi zai iya bi, ga dattijo tamkar babu shi ne.

Akwai wani abu da ya fi kaifin gani muhimmanci, wato faɗin filin da mutum ke iya lura da shi a kallo ɗaya ba tare da ya juya ido ko kai ba, musamman idan hankalinsa ya rabu biyu. Karlene Ball da Cynthia Owsley na Jami'ar Alabama da ke Birmingham sun yi shekaru suna auna wannan fili da kwamfuta. A rahoton da aka buga a 1998, an bi diddigin direbobi 294 masu shekara 55 zuwa 87 har tsawon shekara uku, aka tarar waɗanda filin lurarsu ya ragu da kashi 40 cikin ɗari ko fiye sun ninka sauran sau biyu da ɗoriya wajen yin hatsari. Abin lura a nan shi ne mutum yana iya karanta ƙananan baƙaƙen allon likitan ido tsaf, alhali filin lurarsa ya tsuke.

Sa'an nan ga sanƙarewar wuya da gaɓoɓi, wadda ke hana waiwaye sosai, ga kuma ɗan jinkirin yanke shawara idan zaɓi ya yi yawa. Yawancin dattawa sun san da wannan, kuma suna yi wa kansu linzami: su daina tuƙin dare, su guji ruwan sama da lokacin cunkoso, su rage gudu. Ba kasafai ake samun su da laifin tuƙi cikin maye ko gudun ganganci ba. Abin da ba su da ikon kauce masa shi ne mararrabar da ke tsakanin gidansu da kasuwa.

Mararraba

A nan gizo ke saƙar. David Preusser da abokansa sun bincika alƙaluman haɗurran da suka jawo mutuwa a Amurka, suka buga sakamakon a 1998. Da aka kwatanta da direbobi masu shekara 40 zuwa 49, sai aka ga masu shekara 65 zuwa 69 sun ninka su sau biyu da ɗoriya wajen karo da wata mota a mararraba, masu shekara 85 ko fiye kuwa sun ninka su fiye da sau goma. A sauran wurare bambancin bai ko kusa da haka ba.

Mafi munin juyi shi ne wanda direba zai ratsa hannun motocin da ke tahowa ta gabansa. A Amurka, da Nijar, da Nijeriya tun bayan da ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, wannan shi ne juyi zuwa hagu. A Japan da Ingila, inda ake tuƙi a hannun hagu, juyi zuwa dama ne. Direban da ke tsaye yana jiran wannan juyi dole ya dubi danja, ya dubi motocin da ke tahowa, ya ƙiyasta saurinsu, ya dubi masu tafiya a ƙasa a titin da zai shiga, sa'an nan ya sarrafa sitiyari da totur, duk a cikin 'yan sakan kaɗan.

Ƙiyasta saurin motar da ta doso mutum kai tsaye abu ne mai wuya ga kowane ido, kuma lissafi mai sauƙi zai nuna dalili. Mota mai faɗin mita 1.8, idan tana nesa da mita 100, kusurwar da take cikawa a ido kimanin digiri 1 ce kacal. Sai ta matso zuwa mita 50 kafin ta kai digiri 2. A mita 10 kuwa ta haura digiri 10. Wato siffarta ba ta girma sosai a ido sai ta riga ta iso. Tun da sauri ba ya ganuwa da kyau, sai ƙwaƙwalwa ta dogara da nisa, kuma gwaje-gwaje sun nuna dattawa sun fi matasa yin wannan dogaro. To, amma nisa ɗaya ba lokaci ɗaya ba ne. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin mita 16.7 a kowane sakan, saboda haka daga mita 100 za ta iso cikin sakan 6. Wadda ke gudun kilomita 90 tana cin mita 25 a sakan, za ta iso cikin sakan 4. Dattijon da ya saba shiga idan ya ga mota ta kai wancan turken lantarki zai yi ta tsallakewa lafiya shekara da shekaru, har ranar da zai gamu da mai gudun 90. A rahoton 'yan sanda za a rubuta cewa dattijo bai ba da hanya ba, ba lalle a ambaci gudun ɗaya direban ba.

Wani nazari da cibiyar kamfanonin inshora ta Amurka mai binciken haɗurra, IIHS, ta gudanar a jihar Connecticut, aka buga a 2007, ya ƙara fayyace al'amarin. Cikin direbobin da suka jawo hatsari don rashin ba da hanya, masu shekara 70 zuwa 79 galibi sun ga ɗaya motar amma suka yi kuskuren ƙiyasin tazara. Masu shekara 80 zuwa sama kuwa galibi ba su ma gan ta ba sam. Kuskuren ya fi faruwa a mararrabar da ba ta da danja, sai allon tsayawa kawai.

Siffar mahaɗar ita ma tana da tasiri. Idan tituna biyu suka haɗu a miƙe, kusurwa digiri 90, ɗan juya kai ya isa a ga hagu da dama. Idan suka haɗu a karkace, tilas direba ya murɗa wuya har kusan ya dubi bayansa, abin da mai amosanin gaɓoɓi ba zai iya ba. Haka kuma idan babbar mota ta tsaya a gabansa tana jiran nata juyin, za ta tare masa ganin layin da zai ratsa ɗungurungum.

Hatsarin Tokachi

Mai karatu zai yi tsammanin cewa idan fili ya buɗe, babu gini, babu bishiya, babu cunkoso, to an rabu da matsala. Japan ta gano akasin haka. A filayen noma na Tokachi da ke tsibirin Hokkaido, tituna miƙaƙƙu ne da suka ratsa juna kamar layukan dara, ana hangen nesa ta kowane gefe. Duk da haka, a irin waɗannan mahaɗu aka yi ta samun mummunan karo da rana tsaka, direbobin da suka tsira kuma su ce ba su ga ɗaya motar ba sai da ta iso. Abin ya yi yawa har Japanawa suka laƙaba wa irin wannan karo suna hatsarin Tokachi, ko a wane lardi ya faru.

Ɗalibin lissafi zai iya warware wannan da takarda da fensir. A zana tituna biyu da suka gitta juna a miƙe. A sa mota ɗaya mita 200 kudu da mahaɗa, wata kuma mita 200 gabas da ita, dukansu suna gudu iri ɗaya. Layin da ya haɗa motocin biyu ya yi kusurwar digiri 45 da titin kowannensu. Bayan ɗan lokaci kowace ta rage mita 100, kusurwar tana nan a 45. A mita 50 ma haka. Ko da saurinsu ya bambanta, muddin za su isa mahaɗar lokaci ɗaya, kusurwar ba za ta sauya ba. Ma'anar wannan ita ce motar da za a yi karo da ita tana tsaye cik a wuri ɗaya a jikin gilashi, kamar ɗigon datti. Matuƙan jiragen ruwa sun daɗe da sanin wannan ƙa'ida: jirgin da alƙiblarsa ba ta sauyawa amma yana ƙara girma, to kanka yake tahowa.

Gefen ido ba ya tantance siffa ko launi da kyau. Motsi yake kamawa. Abin da ba ya motsi a gefen ido, ƙwaƙwalwa takan ɗauke shi kamar rumbu ko tarin ciyawa a gona. Wani lokaci ma motar takan laɓe bayan ginshiƙin da ke riƙe gilashin gaba, ta zauna a nan har zuwa ƙarshe. Wannan tarko yana kama kowa, amma wanda filin lurarsa ya riga ya tsuke, kuma ba ya yawan juya kai, shi ya fi saurin faɗawa. Ƙauyukan Japan kuwa, da matasa suka ƙaura zuwa birane, dattawa ne suka rage a kan waɗannan tituna, da yawansu cikin 'yan ƙananan motocin ɗaukar kaya masu injin da bai wuce cc 660 ba, waɗanda gabansu gajere ne ƙwarai.

Maganin da aka gwada yana da ban mamaki: a rage buɗewar filin. Akan jera turaku ko tukwanen shuka ko bishiyoyi a gefen titin da ke gittawa, ta yadda motar da ke tafe za ta riƙa ɓacewa tana bayyana. Wannan walƙiya ita ce motsin da gefen ido ke bukata.

Wasu Wuraren

Alƙaluman Hukumar 'Yan Sanda ta Japan sun nuna cewa a haɗurran mutuwa na direbobi masu shekara 75 zuwa sama, babban dalili shi ne kuskuren sarrafa mota, wato sitiyari ko feda, kuma da yawa mota ɗaya ce kaɗai abin ya shafa: ta daki turke ko bango, ko ta saki hanya ta faɗa magudanar ruwan gona. Ƙunƙuntar hanyar ƙauye da ba ta da kafaɗa ko shinge ba ta yafe kuskuren taku ɗaya.

Taka totur a maimakon birki ya fi aukuwa a wuraren ajiye motoci, inda direba ke yawan sauya ƙafa tsakanin feda biyu, yana murɗa jiki don duba baya ko miƙa hannu ga na'urar tikiti. Da ƙugu ya karkace, ƙafa takan sauka ba inda mai ita ke zato ba. Da motar ta zabura sai tsoro ya sa ya ƙara dannawa, yana ganin birki yake takawa. Ginshiƙan ƙarfe a gaban shaguna su ne abin da ke raba wannan kuskure da asarar rai.

A manyan hanyoyin Japan kuma ana samun kimanin sau 200 a shekara da mota ke bin hannun da ba nata ba, mafi yawan direbobin dattawa ne, kuma kuskuren yakan faro ne daga mashiga da mafita, inda hanyoyi suka sarƙe. Hukumomin hanyoyin sun bi waɗannan wurare suna zana manyan kibiyoyi a kan kwalta, suna kafa sandunan roba masu tilasta wa mota bin inda ya dace.

Karɓe Lasin: An Gudu Ba A Tsira Ba

Matakan da Japan ta fara ɗauka sun fi karkata ga direba. A 1997 aka fito da tambarin da dattijo ke liƙa wa motarsa. Daga 2009 duk mai shekara 75 ko fiye sai ya yi gwajin ƙwaƙwalwa kafin a sabunta masa lasin. A 2017 aka tsaurara dokar, ya zama wanda gwaji ya nuna yana iya kasancewa da cutar mantuwa dole ya ga likita. A 2022 aka ƙara da jarrabawar tuƙi a aikace ga waɗanda aka taɓa kamawa da wasu laifuffukan hanya.

Babu mai musun cewa wanda cutar mantuwa ta ci ƙarfinsa bai kamata ya riƙe sitiyari ba. Amma dattijon da ya ajiye mota ba ya ɓacewa daga titi, yakan koma mai keke ko mai tafiya a ƙasa, ba ƙarfen da ke kare shi. Haruhiko Inada da abokansa sun bi alƙaluman Japan bayan dokar 2017, suka buga a 2023 cewa karon da dattawan direbobi ke yi ya ragu, amma raunukan dattawa masu keke da masu tafiya a ƙasa sun ƙaru. An ga makamancin wannan a ƙasar Danmak bayan ta shigar da gwajin ƙwaƙwalwa cikin tsarin sabunta lasin. Wani nazarin kuma da aka buga a Japan a 2020 ya tarar dattawan da suka daina tuƙi sun kusan ninka waɗanda suka ci gaba wajen yiwuwar kaiwa ga halin da sai an yi jinyarsu. A ƙauyen da motar haya ta daina zuwa saboda ƙarancin fasinja, ajiye makulli yana nufin zaman gida, zaman gida kuwa yana gaggauta tsufa. Dokar da ta rage hatsari a shafi ɗaya na littafin 'yan sanda ta ƙara shi a wani shafin ba za a ce ta gama aiki ba.

Gyaran Hanya

Hukumar Manyan Hanyoyi ta Tarayyar Amurka ta bi ta ɗaya ɓangaren. A 1998 ta wallafa littafin jagora ga injiniyoyi kan zana hanya domin dattawan direbobi, ta sabunta shi a 2001 da 2014. Yawancin shawarwarinsa ba masu tsada ba ne. Tituna su haɗu a digiri 90, in ya gagara kada kusurwar ta gaza 75. A ba masu juyi koriyar kibiya tasu ta daban, lokacin da aka tsai da motocin da ke tahowa, don kada kowa ya yi ƙiyasin tazara. A ɗan gusar da layukan jiran juyi ta yadda motar da ke fuskantar direba ba za ta tare masa gani ba. A ƙara girman fitilun danja, a sa musu baƙin allo a baya saboda hasken rana, a kuma rubuta sunan titi tun kafin a isa mahaɗa.

Batun girman rubutu ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Tsohuwar ƙa'idar Amurka ta ɗauka cewa kowace santimita ɗaya ta tsawon harafi ana iya karanta ta daga mita 6. A 2009 aka mai da ƙa'idar zuwa kimanin mita 3.6, don a yi la'akari da idon da ya tsufa. Harafi mai santimita 15, a tsohon lissafi, ana karanta shi daga mita 90. A sabon lissafi sai an matso zuwa mita 54. Ga mai gudun kilomita 60 a awa, wannan shi ne bambanci tsakanin sakan biyar da ɗoriya da sakan uku da ɗoriya na karantawa, da fahimta, da sauya layi.

Gyaran da ya fi kowanne tasiri shi ne shataletale irin na zamani, wanda mai shiga ke ba wa na ciki hanya, ƙa'idar da Ingila ta kafa a 1966. A mararraba mai hannu huɗu akwai wurare 32 da hanyoyin motoci ke iya cin karo da juna. A shataletale mai layi ɗaya 8 ne kawai, kuma babu ko ɗaya da ake ratsa gaban mota a miƙe. Direba gefe ɗaya kaɗai zai duba, kowa kuma ya rage gudu dole saboda lanƙwasar hanya. Wani nazari na 2001 a kan mahaɗu 24 da aka mayar shataletale a Amurka ya nuna haɗurra gaba ɗaya sun ragu da kashi 38 cikin ɗari, masu jawo rauni da kashi 76, masu kisa ko naƙasawa kuwa da kimanin kashi 90. Sai dai shataletale mai layi biyu ko uku yana dawo da ruɗanin da aka gudu, musamman in alamominsa ba su fito sarai ba. Japan ta makara a wannan fage. A 2013 birnin Iida na lardin Nagano ya cire danja daga wata mahaɗa ya mai da ita shataletale, sai a Satumba 2014 dokar hanya ta ƙasa ta tanadi ƙa'idojin binsa. Girgizar ƙasa ta 2011, wadda ta kashe wutar danja a garuruwa da yawa, tana cikin abubuwan da suka jawo hankalin hukuma gare shi.

Saura gudu. Daga 2011 Japan ta soma keɓe unguwannin zama inda ba a wuce kilomita 30 a awa, a 2021 kuma ta fara haɗa wannan da tudun rage gudu da tsuke bakin titi, tun da allo kaɗai ba ya hana mai gaggawa. A 2024 gwamnati ta yanke shawarar cewa daga Satumba 2026 ƙananan titunan da ba su da layin tsakiya iyakar gudunsu ta doka za ta sauko daga kilomita 60 zuwa 30. Ƙarfin bugun mota yana tafiya ne da saurinta a ninke cikin kansa, saboda haka idan aka raba gudu biyu, ƙarfin bugu ya ragu zuwa kashi ɗaya bisa huɗu. Injiniyoyin Amurka sukan ware wa direba sakan 2.5 tsakanin ganin haɗari da taka birki. A gudun kilomita 60, mota za ta ci kimanin mita 42 a wannan lokaci, ta ƙara wasu 41 kafin ta tsaya, jimla kimanin mita 83. A gudun kilomita 30 kuwa mita 21 ne da mita 10, jimla kimanin mita 31.